Taliyar wantan: abin da ke tara layi a rumfa, da yadda za a haɗa ta a Bauchi

A cibiyoyin cin abinci na Singafo, ko a shagunan shan kofi na Kuala Lumpur da Penang, ba abin mamaki ba ne ka tarar da rumfuna biyu suna sayar da taliyar wantan, tsakaninsu bai wuce taku ashirin ba, amma ɗaya layi har ya karya kwana, ɗaya kuwa mai ita yana zaune yana korar ƙuda. In ka leƙa kwanon kowannensu, kayan iri ɗaya ne: siririyar taliyar ƙwai mai launin rawaya, yankan gasasshen nama, ganye kaɗan, da ƙulli huɗu ko biyar na niƙaƙƙen nama a cikin fallen fulawa, wanda shi ake kira wantan. Mutane da yawa suna zaton bambancin yana cikin wannan ƙullin. A ganina kaso mafi girma yana jikin taliyar, da abin da mai dahuwa yake yi da ita cikin ƙasa da minti ɗaya. Shi ya sa nake ganin abincin zai yiwu a Bauchi fiye da yadda ake tsammani, domin abu biyun da taliyar take buƙata, kanwa da injin murza taliya, suna cikin gidajenmu tun tuni.

Asalin abincin na mutanen lardin Guangdong ne a kudancin Sin. Daga birnin Guangzhou ya shiga Hong Kong, sannan ya bi 'yan ci-rani zuwa Malesiya da Singafo da Tailan. A Hong Kong cikin romo ake ci, a ƙaramin kwano. Ana fara ajiye ƙullin wantan a ƙasa, a ɗora taliyar a kansu don kada ta nutse ta jiƙe, sannan a zuba romo. A Malesiya da Singafo an fi son busasshiya: a juya taliyar da soya sos (baƙin ruwan ɗanɗano mai gishiri da ake yi da waken suya) da kitse, a ɗora nama da ganye, a kawo wantan cikin ɗan kwanon romo daban. Ta Malesiya takan yi duhu saboda baƙin soya sos mai kauri, ta Singafo kuma takan yi haske da yaji, wasu ma har da tumatirin kwalba suke sakawa.

Kafin komai, gargaɗi ga 'yan'uwa da ke tafiya karatu ko kasuwanci can, don malamanmu na jami'a da na kwalejoji da yawa suna zuwa Malesiya ƙaro ilimi. Taliyar wantan ta gargajiya alade ce daga sama har ƙasa. Naman cikin ƙullin alade ne, jan gasasshen naman da ke kai alade ne, man da aka juya taliyar da shi kitsen alade ne, romon ma sau da yawa da ƙashinsa aka dafa. Don haka cewa "a cire mini naman" bai gyara komai ba. Akan kuma jiƙa naman da giyar shinkafa. Abin da za ka nema shi ne takardar shaidar halal a manne a rumfar, ta hukumar JAKIM in a Malesiya kake, ta hukumar MUIS in a Singafo. Allon da aka rubuta cewa babu alade babu kitsensa maganar mai rumfa ce kawai, ba shaidar hukuma ba, kuma bai ce komai ba game da yankan kazar ko giyar. Rumfunan halal masu yin wantan da kaza suna nan, musamman a Malesiya, sai dai a tambaya.

In ka dace da irin wannan rumfa, tsarin ba shi da wuya. Gwamnatin Singafo ta fara gina cibiyoyin cin abincin nan tun farkon shekarun 1970 don ta kwashe masu tallar abinci daga bakin titi ta ba su ruwan famfo da magudana, yanzu sun haura ɗari, kuma a Disamban 2020 hukumar UNESCO ta sa wannan al'ada cikin jerin al'adun da duniya ta gada. Teburan na kowa ne. In ka ga ƙunshin tishu a kan kujera ko tebur, wani ne ya kama wuri ya tafi layi, kada ka zauna. Idan layi ya zo kanka, tambaya uku ce: busasshiya ko mai romo, da yaji ko babu, ƙarami ko babba. Ka shirya amsa, masu rumfa ba sa son dogon bayani. Kai za ka ɗauko abincinka, kuma tun 2021 doka ce a Singafo ka mayar da tire da kwano bayan ka gama. Wurin ajiye kwanukan halal daban yake da na sauran, a lura da alamar.

Da ka zauna, ka juya taliyar nan take daga ƙasa zuwa sama, domin sos ɗin yana gindin faranti. Minti biyar ɗin farko su ne daɗinta. Wanda ya tsaya ɗaukar hoto da amsa waya zai tarar ta dunƙule. Saboda haka ne ma ban ba da shawarar a sa a ƙunshe ta a tafi da ita gida ba, tururi ne zai ci gaba da dafa ta a cikin roba.

Abin lura yayin da kake layi

Tsayuwa a layi ba asara ba ce in ka sa ido a hannun mai dahuwa. Zai ɗauki curi ɗaya na ɗanyar taliya, ya warware shi da yatsu, ya kakkaɓe garin da ke jiki, ya jefa cikin matsami mai zurfi da ke cikin ruwa mai tafasa sosai. Yana motsa ta da dogayen sanduna, daƙiƙa 20 zuwa 40 gwargwadon kaurinta. Sai ya cire, ya tsoma cikin ruwan sanyi, ya girgiza, ya mayar cikin ruwan zafi na daƙiƙa biyar kacal, ya yarfe ruwan da ƙarfi sau biyu ko uku, ya juye a kan sos.

Kowane mataki da dalilinsa. Ruwan sanyi yana tsayar da dahuwa kuma yana wanke sitacin da ke sa yauƙi tare da ragowar warin kanwa. Komawa ruwan zafi don ta iso gabanka da ɗumi ne, kuma kitsen ya narke ya bi jikinta. Yarfewa kuwa don kada ruwa ya tsinka sos. Rumfar da ta amsa sunanta curi ɗaya ko biyu take dafawa a lokaci guda ko da mutum talatin ne a layi, kuma a nan layin yake samo asali. Ka kuma dubi ruwan tukunyar. In ya koma rawaya mai kauri yana kumfa, an daɗe ba a sauya ba, taliyar za ta fito da santsi da ɗaci-ɗaci. Masu kula suna da famfo a bakin tukunya, suna ɗiba suna ƙarawa duk yini.

A nan ne al'adarmu ta dafa taliya take karo da wannan abinci. Mun saba a bar taliya a wuta har ta yi lugub. Wannan kuwa ana so ta ɗan turje wa haƙori, ta tsaya wara-wara, in ka ja ta ta miƙe kafin ta tsinke. Wanda ya ba ta minti uku a wuta ya ɓata aikin yini guda.

Kanwa da kwaɓi

Abin da ke ba taliyar nan launi da ƙarfi shi ne wani ruwa mai kaifi irin na kanwa da Sinawa ke zubawa a kwaɓi, mai ɗauke da sinadarin kabonet na sodiyam da na fotasiyam. Kanwar da uwargida take jiƙawa don ɗanwake ko miyar kuka danginsa ce, domin ita ma kabonet ɗin sodiyam ce gauraye da baikabonet, sai ƙasa da gishiri da suka biyo ta daga inda aka haƙo. Idan ta shiga fulawa tana ɗaure danƙon alkama ya yi ƙarfi, kuma tana tayar da wani launi da ke ɓoye a cikin fulawar ya koma rawaya. Ko ba ƙwai, taliyar kanwa rawaya take fitowa.

Matsalar kanwa ɗaya ce, ƙarfinta ba ya zama daidai. Wadda ka saya a kasuwar Wunti yau ba lallai ta yi daidai da ta kasuwar Muda Lawal ta makon jiya ba. Dabarar ita ce a sayi mai ɗan yawa lokaci guda, a daka ta duka a gauraya, sannan a riƙa aunawa da sikeli. A zaɓi mai haske, domin jar kanwa tana dusashe launin taliya. A jiƙa giram 10 a ruwa mililita 100, a roba ko kwalba, ba a kwanon alminiyam ba, don kanwa tana cin alminiyam ta baƙanta shi. A bar ta ta kwana, a tsiyaye ruwan sama ta cikin kyalle mai tsabta, a zubar da laka da yashin ƙasa. Yashi ko ƙwaya ɗaya ya shiga, mai ci zai ji shi a haƙori, kuma yana dakushe injin.

Wanda yake son abin da ba ya sauyawa, ya sayi bekin soda, ba bekin foda ba, ya baza a tire ya gasa a obin mai zafin digiri 120 na awa ɗaya. Zafin yana mayar da shi kabonet tsantsa. Giram 5 ya ishi fulawa rabin kilo. Ya fi kanwa kaifi, yana iya cin fata in an daɗe ana taɓawa, kuma a rufe shi ruf a kwalba don yana jan laima.

Ga awon da ke ba da kwano takwas: fulawa giram 500, ƙwai 3, ruwan kanwar nan mililita 50, gishiri ƙaramin cokali ɗaya. A nemi fulawar da masu burodi ke amfani da ita, ita ce mai danƙo. A Hong Kong masu bin tsohuwar hanya da ƙwan agwagwa suke yi, amma na kaza ya wadatar. A kaɗa ƙwai da ruwan kanwa da gishiri, a zuba a fulawa ana juyawa da yatsu. Abin da zai fito ba zai yi kama da kwaɓi ba, zai zama burbuɗi-burbuɗi, kuma a nan kusan kowa yake kuskure ya ƙara ruwa. Kada a ƙara. In ka damƙi kaɗan a tafin hannu ya haɗe, ya isa. A zuba a leda mai kauri, a ɗaure, a bar shi minti 30 fulawar ta sha ruwan da kanta. Da hunturu, lokacin da iska ta bushe ƙayau, ana iya ƙara babban cokali ɗaya na ruwa, ba fiye ba.

Kwaɓin yana da taurin da hannu ba ya iya masa. Tsofaffin masu sana'ar a Guangzhou da Hong Kong doguwar gora suke ɗorawa a kansa, mutum ya hau ɗaya ƙarshen yana dannawa da nauyin jikinsa. A gida, a sa ledar cikin wata ledar, a shimfiɗa tsumma mai tsabta a kai, a tattaka da dunduniya har ya baje, a ninka, a sake, sau huɗu ko biyar. In aka tura shi injin ba tare da wannan ba, ko ya yayyage ko haƙoran injin su sauka. Bayan haka a raba shi huɗu, a bi da kowane kashi ta mafi faɗin bakin injin, a ninka biyu, a sake bi, sau takwas zuwa goma, har ya yi sumul. A rufe ya huta minti 30. Sannan a riƙa rage bakin injin mataki-mataki, ba a tsallake, har kaurin ya kai kamar milimita ɗaya, a yanka da mafi sirantar haƙori.

Wajen barbaɗe, da kwanfulawa, wato sitacin masara, ko sitacin rogo ake yi, ba da fulawa ba. Fulawa tana shiga jikin taliya ta manne, kuma tana kaurara ruwan dahuwa. A naɗe curi-curi, kowanne giram 85, a jera a roba mai murfi. Taliyar da ta kwana a firji ta fi ta yau, domin warin kanwa ya lafa kuma ƙarfinta ya ƙaru. Kwana biyu zuwa uku take yi a firji mai sanyi. In wuta ba ta tsayawa a unguwarku, musamman a zafin Maris da Afrilu, a yi ta da safe a dafa da yamma, don ɗanyen ƙwai ne a ciki.

Yadda za ka gane awon kanwa: in kwaɓin ya yi rawaya mai haske kuma ƙamshin kanwa kaɗan ne, daidai. In ya karkata zuwa kore-kore ko ruwan ƙasa, yana warin sabulu, yana tsagewa a injin, ta yi yawa, a rage kashi ɗaya cikin uku a karo na gaba. In taliyar ta fito fara kuma ta yi laushi da wuri, ta yi kaɗan. A dafa 'yan silalla a ɗanɗana kafin a yanka sauran. Wadda kanwa ta ɗan fi ƙarfi ba a zubarwa, ɗigon khal a kwano yana kashe ɗacin, kuma dalilin da ya sa ake ajiye jan khal a teburan Hong Kong ke nan.

Ƙullin kansa

Fallen wantan daga irin wannan kwaɓin ake fitarwa, sai dai a murza shi har mataki na ƙarshe, yadda za ka hango yatsanka ta ciki, a yanka murabba'i santimita 8. Kashi ɗaya cikin huɗu na kwaɓin zai ba da falle wajen 30, don haka mai son kwano takwas cikakku ya ƙara awon da kwata. A barbaɗa sitaci tsakaninsu, a rufe da kyalle mai ɗan laima. Fallen da ya sha iskar hunturu minti goma ya gama aiki, yana ninkuwa zai karye.

Haɗin ciki: cinyar kaza giram 300 tare da fatarta. Ƙirji ba ya yi, bushewa yake kamar audugar katifa. A sara da wuƙa maimakon a kai inji, a bar shi da ɗan gutsi-gutsi. Na Hong Kong jatan lande ne ya fi alade yawa a ciki, amma mu da muke nesa da teku, babban cokali ɗaya na dakakken kirefish yana kawo wannan ƙamshin. Sai gishiri rabin ƙaramin cokali, soya sos babban cokali ɗaya, farin masoro rabin ƙaramin cokali, sukari ɗan kaɗan, kwanfulawa ƙaramin cokali biyu, man riɗi ƙaramin cokali ɗaya, gurzajjiyar ɗanyar citta kaɗan, da yankakken lawashi. A fara da nama da gishiri da soya sos kawai, a juya gefe ɗaya da ƙarfi na minti uku har ya yi danƙo yana kama kwano, ana zuba ruwan sanyi babban cokali uku kaɗan-kaɗan. Gishirin ne ke fito da danƙon nama, shi ke riƙe ruwa a ciki. In aka tsallake wannan, haɗin zai warwatse a baki. Man riɗi da lawashi a ƙarshe suke shiga, don in mai ya riga shiga nama ba ya kamawa.

Game da man riɗi, wanda ake nufi na soyayyen riɗi ne mai duhu da ƙamshi. Riɗi ba ya yankewa a kasuwanninmu, amma man da aka tatsa daga ɗanye ba shi da wannan ƙamshi. In ba a samu ba, a soya riɗi sama-sama har ya yi ja, a daka, a zuba cokali ɗaya a haɗin.

Ƙaramin cokali ɗaya mai tozo ake sa wa kowane falle, kamar giram 8 zuwa 10. A shafa ruwa a gefe, a tattaro bakin a matse dab da naman, a fitar da iska, a bar sauran fallen yana reto. Masu rumfa ba sa tsayawa ado, matsa ɗaya suke yi. Abin da ke fasa wantan a ruwa uku ne: cika shi da yawa, iskar da aka rufe a ciki, da ajiye shi ya daɗe har laimar nama ta jiƙa gindinsa. Wanda ba za a dafa cikin awa ɗaya ba a sa shi a firiza a jere, ba a tare ba. Dahuwarsa minti uku zuwa huɗu a ruwan da ke tafasa a hankali. In ya taso sama a ƙara masa minti ɗaya, a fasa guda a duba, tunda kaza ce ba a son ganin ja ko kaɗan. Ba a dafa shi a cikin romo, sitacinsa zai gurɓata romon.

Romo, kitse da sauran tarkace

Romon wantan garau yake, ana hango gindin kwano. A samu ƙashin kaza da ƙafafu kilo ɗaya, in da tsohuwar kazar Hausa ma ya fi. A tafasa minti biyar, a zubar da ruwan, a wanke ƙashin. A mayar da ruwa lita uku, ɗanyar citta yanka uku, albasa ɗaya, da waken suya rabin kofi da aka jiƙa, wanda masu rumfa a Malesiya da Singafo ke sakawa don ɗan zaƙinsa. A rage wuta yadda ruwan zai riƙa motsi kawai, awa biyu, ba murfi. Tafasa mai ƙarfi tana dama kitse da ruwa, romon ya yi fari. A Hong Kong gasasshen busasshen kifin teku mai faɗi ne sirrin romon, a Malesiya kuwa ƙananan busassun kifi. Namu ƙananan busassun kifin suna yi, cikin tafin hannu ɗaya, a cire kai da ciki, a ɗan soya ba mai, a zuba a minti 20 na ƙarshe. In suka wuce haka ɗaci suke kawowa. Kifin banda kuwa a bar shi wa miya, hayaƙinsa yana danne komai. Gishiri a ƙarshe.

Gurbin kitsen alade, kitsen kaza ne ya fi dacewa. Kakiɗe yana daskarewa da zarar taliya ta huce, ya bar maiƙo a dasashi, man shanu kuma ƙamshinsa yana mamaye soya sos. A tara fata da kitsen kaza wajen masu fige kaji, a yayyanka, a sa a wuta kaɗan da ruwa cokali biyu har ya narke fatar ta soyu. A jefa yankakkiyar albasa ta yi ja, a tace. Soyayyar fatar da albasar a barbaɗa a kan taliya.

Sos na kwano ɗaya, ana haɗa shi a gindin farantin kafin taliya ta sauka: kitsen kaza babban cokali ɗaya, soya sos na ruwa babban cokali ɗaya, baƙi mai kauri ƙaramin cokali ɗaya, man riɗi rabin ƙaramin cokali, romo babban cokali biyu. Baƙin soya sos ba ko'ina ake samunsa a Bauchi ba, wani lokaci sai an aika Jos ko Kano. Ana iya kwaikwayonsa: a narka sukari babban cokali huɗu a wuta har ya yi ruwan ƙasa mai duhu, a sauke, a zuba soya sos rabin kofi a hankali don yana tartsatsi, a mayar wuta minti biyu. In sukarin ya kai ga baƙi yana hayaƙi, a zubar a sake. Kuma a riƙa ɗanɗanawa, domin soya sos ɗin kasuwa wani gishiri ne zalla da kala. Kada a ƙara dunƙule a kai.

Jan naman da ake ɗorawa, da cinyar kaza marar ƙashi za a yi: rabin kilo, soya sos babban cokali biyu, zuma biyu, sukari ɗaya, tafarnuwa, da ɗan garin kirfa da kanumfari. Ya kwana a jiƙe. A gasa a gefen garwashi, ba a tsakiya ba, don zuma da sukari suna ƙonewa kafin ciki ya nuna. A shafa ragowar zuma a minti biyu na ƙarshe, a bar shi ya huta minti goma kafin a yanka siri-siri. Jan launin da ake gani a can yawanci kala ce, ba ta ƙara ɗanɗano.

Ganyen da suke sakawa dangin kabeji ne mai dogon kara. Alayyafo matashi yana maye gurbinsa, daƙiƙa 30 a ruwan zafi. Abin da bai kamata a bari ba shi ne koren barkono mai tsami, shi ke yanke maiƙon. A yanka koren shambo zobe-zobe, a kakkaɓe 'ya'yan, a zuba masa tafasasshen ruwa na daƙiƙa 20, a tsane, a jiƙa a khal kofi ɗaya da sukari babban cokali biyu da gishiri ƙaramin cokali ɗaya. Washegari ya nuna. Attaruhu bai dace a nan ba, zafinsa da ƙamshinsa sun fi ƙarfin kwanon.

Ga mai tunanin kafa tebur, a Yelwa ko Gwallameji inda ɗalibai suke, lissafin a fili yake: kiret ɗaya na ƙwai 30 yana ɗaukar fulawa kilo 5, ya ba da curi wajen 80. Abin da zai ci kuɗi shi ne wuta da ruwa. Ana buƙatar murhu uku: babbar tukunya ta taliya mai ɗaukar aƙalla lita goma wadda ba ta daina tafasa, ƙarama ta wantan da ganye, da ta romo a wuta kaɗan. Ƙaramin risho ba zai iya ba, domin da an jefa taliya tafasar za ta mutu, taliyar ta zauna cikin ruwan ɗumi tana kumbura. Sai bokitin ruwan sanyi da za a riƙa sauyawa da zarar ya fara yin fari, wajen kowane kwano goma zuwa sha biyar. Haɗin nama da ɗanyen wantan su zauna a kula da ƙanƙara, a riƙa fitowa da na rabin awa kawai. Masu saye za su ce taliyar ba ta nuna ba, wannan tabbas ne a makon farko. Ana iya ƙara musu daƙiƙa 15, amma a rage kaurin yanka ya fi a ƙara lokacin wuta. Wanda kuma ya nace sai an ƙunshe masa, a juya taliyar da kitse kawai, a ɗaure sos daban, romo da wantan daban, a bar murfin robar a ɗan buɗe minti biyu tururi ya fita kafin a rufe.